Ranar da Batsheba Ta Yi Wanka a Cocinmu

Shekara goma sha tara na yi ina waƙa a layin maza na ƙungiyar mawaƙan cocinmu, kuma ba wanda ya taɓa cewa muryata tana da aibi sai da Penisimani ya dawo daga Niyu Zilan. A gwajin farko ya ɗaga hannu ya tsayar da mutum sittin, ya karkata kunne kamar mai neman inda rufi yake yoyo, ya bi layi a hankali har ya tsaya a kaina. Ya tambayi sunana, na ce Kelepi.

Ya ce, "To Kelepi, ka ci gaba da buɗe baki, yana da kyau a ido. Sautin ne kawai za ka bar wa sauran."

Aka yi dariya, har da matata da ke layin mata. Abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma gara in faɗa tun yanzu don kada a ce na ɓoye.

Peni, kamar yadda muke kiransa, ɗan garin ne. Ya tafi yana saurayi, ya yi shekara ashirin da biyu can yana koyon kiɗa yana koyar da shi, ya dawo da furfura a gemu, da takalmi sau-ciki, da akwati maƙil da takardu. A cikin akwatin akwai abin da ya kira oratoriyo. Da muka nemi bayani, ashe waƙa ce mai ba da labari, ana tsaye ana rera ta awa biyu da rabi, ba rawa ba zama. Sunanta Urushalima. Ta ɗauko tarihin birnin tun ranar da Dauda ya ƙwace shi, ta bi ta kan haikalin Sulemanu da ƙonewarsa, da zaman bauta a Babila, har Nehemiya ya dawo ya ta da ganuwa. Shekara tara ya yi yana rubuta ta, ya kawo mana ita kyauta don bikin cikar cocinmu shekara ɗari. Mu a tsibirinmu na Vava'u ba a kawo mana waƙa mu ce a'a. Fasto ya karɓa da hannu biyu, balle da ya ji cewa cocin garin da ke tsallaken ruwa ko rabin irinta ba su da shi.

Wanda abin ya fara shafa shi ne tsoho Lisiate, da ya yi shekara arba'in yana riƙe da sandar jagorantar mawaƙa. Aka karɓi sandar aka ba Peni, Lisiate kuma aka ba shi alli. Peni ya rubuta waƙarsa da waɗannan ɗige-ɗigen Turawa masu wutsiya, mu kuwa da lamba muke karanta waƙa, kamar yadda kakanninmu suka karanta. Saboda haka kowace yamma Lisiate yana gaban allo yana mayar da ɗigo lamba, yana tsaki ƙasa-ƙasa.

Wata uku muka yi muna gwaji, ni ina buɗe baki ina rufewa kamar kifin da aka fito da shi. In faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, waƙar tana da kyau. Inda haikali yake cin wuta har tsikar jiki take tashi. Amma kashi na uku Peni ya ƙi fito da shi, ya ce sai a ƙarshe, shi ne zuciyar aikin. Wata Lahadi muna zaune a da'ira muna shan kava, abin shanmu na gargajiya, kafin a shiga sujada ya gaya mana cewa don muryar mutum ɗaya ya rubuta shi, wato ƙanwarsa Lesieli, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa ya san ba muryar da ta kama ƙafar tata a tsibirin nan. Ya ce da ya tafi tana yarinya, tana rera waƙa a bakin tankin ruwa, kuma muryar nan ce a kunnensa duk shekara taran da ya yi yana rubutu. Ba abin da yake so a duniya irin ya tsaya ya ji ta rera wannan kashin. Maza suka gyaɗa kai, aka miƙa masa ƙoƙon kwakwa. Ba wanda ya yi dabarar tambayarsa me waƙar take cewa.

Ranar da ya fito da shi, Lisiate ya rubuta lambobin tsaf, sannan ya fara sa kalmomi a ƙarƙashinsu. Muka ga allinsa yana rage gudu. Batsheba ce, matar wani sojan Sarki Dauda, take magana da bakinta. Rana ta yi sanyi, ta ce, ta hau soro, ta kwance zanenta, ta zuba ruwa a kafaɗa, ba ta san akwai ido daga fada ba. A saman allon kuma, da manyan baƙaƙe, an rubuta sunan mai rerawa.

Lesieli ta karanta layi biyu, ta rufe fuska da mafici, ta fice ta ƙofar gefe. Ƙannensu maza biyu suka fice ta ɗaya ƙofar. Daga nan sai zauren ya shiga zubewa. 'Ya'yan baffa suka tashi, 'ya'yan kawu suka tashi, matan da ke da 'yan'uwa a layin maza suka kwashi mayafansu. Ba wanda ya kalli wani. Peni yana tsaye da sanda a sama, yana tambaya ko an yi mutuwa ne.

Shekara ashirin da biyu a ƙasar mutane ta goge masa abin da yaron goye ya sani. A wurinmu namiji ba ya zama inda 'yar'uwarsa take in zance ya gangara ƙasan cibiya, kuma 'yar baffa da 'yar kawu duk 'yan'uwa ne. Ko majigi aka kawo gari, da zarar Bature ya matso kusa da Baturiya za ka ga rabin zaure a waje. Wannan babin na Dauda, fastoci goma sha ɗaya sun wuce a cocinmu, kowannensu in ya zo gare shi sai shafi biyu su manne masa. Shi kuwa Peni ba karantawa zai yi ba. Ƙanwarsa zai tsayar a gabansa, ido cikin ido, ta kwance zane da baki, shi yana kaɗa mata sanda. Garin kuma kusan kowa dangin Lesieli ne. Da ƙura ta lafa mu huɗu muka rage a layin maza: ni, da aure ya kawo ni daga tsibiran Ha'apai, da malamin makaranta, da wasu surukai biyu.

Aka kira taron dattawa. Peni ya zo da zafinsa. Ya ce a cikin Littafi Mai Tsarki labarin yake, ba shi ya ƙirƙira ba. Ya ce wankan layi takwas ne kacal, abin da ya biyo baya shi ne waƙar, minti goma sha biyu na Batsheba tana makokin jaririn da ta haifa wa sarki ya mutu. Fasto, mutum mai son zaman lafiya, ya kawo shawara a mayar da wankan wanke-wanke, ta hau soro da kwanukanta. Peni ya ce bai taɓa jin sarkin da ya kashe sojansa saboda wanke-wanke ba. Wani dattijo ya ce tunda an buɗe maganar, ina labarin matan Sulemanu ɗari bakwai da ke kashi na huɗu? Aka yi rabin awa a kai, aka yanke cewa wannan aure ne, ya wuce. Kan Batsheba kuwa aka tashi baram-baram, Peni yana cewa in an yanke kashi na uku zai kwashe takardunsa, Fasto yana share gumi don an riga an aika wa mutanen tsallake takardar gayyata.

Washegari Gwaggo Melenaite ta aiko a kira shi. Ita ce yayar mahaifinsu, kuma gwaggo a wurinmu ba a ja da ita. In ta ga riga a jikinka ta ce tana so, a nan za ka tuɓe. Peni ya cire takalmi sau-cikinsa, ya ɗaura tabarmar ƙugu da muke sawa don girmamawa, ya nemi mai ɗaukar masa doya. Da yake duk danginsa suna gudunsa a makon nan, ni na samu aikin, kuma ban ƙi ba, don ina son in gani da idona.

Ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye. Ta bar shi a haka har ta gama feƙe rogon da ke hannunta, sannan ta wanke shi tas. Ta fara daga ranar da ya tafi, ta bi ta kan jana'izar uwarsa da bai zo ba, ta tsaya a kan gemunsa, ta sauka a kan allo.

"Ƙanwarka fa, Penisimani. Duk matan duniya ka rasa wadda za ka aika wanka sai ƙanwarka? Can inda ka je haka suke yi?"

Ya ce ba don wankan ya rubuta ba. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da na matso. Ya ce lokacin da wasiƙa ta same shi cewa Lesieli ta binne ɗanta na fari, ya zauna ya rubuta mata amsa sau shida, duk ya yayyaga. Bai san yadda wa yake yi wa ƙanwa irin wannan magana ba. A ranar ya fara waƙar.

Gwaggo ta ce, "In an yi rashi, mutane tabarma suke aikowa. Kai ka yi shekara tara ka aiko da wanka."

Amma ta miƙa hannu. Lisiate ya riga ya kwafe lambobin a takarda, Peni ya ba ta. A zamaninta ita ma ta riƙe layin mata. Ta kai takardar kusa da hanci, ta tsallake shafin farko da tsaki, ta shiga bin lambobin da yatsa tana gunguni a maƙogwaro. Gungunin ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Hukuncinta biyu ne, ya zaɓa. Ko dai matar Fasto ta rera, tunda ita baƙuwa ce ba ta da ɗan'uwa a garin, shi kuma ya riƙe sandarsa ya ji waƙarsa. Ko kuma Lesieli ta rera, in ta yarda, amma duk namijin da ya haɗa jini da ita ya bar cocin, shi a kan gaba. Kuma ba bayan taga ba, don ta san halinsa. Sai bakin gadar da kwale-kwale suke tsayawa, inda ƙarar ruwa take danne komai.

Matar Fasto mutuniyar kirki ce, amma in ta hau sama karnukan unguwa amsawa suke yi. Peni ya san haka. Na zaci zai roƙa, ko ya kawo wata hujjar Turawa. Sai ya ce Lesieli, ba tare da ya ɗaga kai ba. Bayan kwana biyu amsarta ta zo ta bakin Gwaggo: za ta rera a gaban jama'a sau ɗaya tak, kada kuma a sake tayar mata da maganar har ta mutu.

Daga nan sandar kashi na uku ta koma hannun Lisiate, har tafiyarsa ta canja. Sai dai akwai matsala. A ƙarƙashin muryar Batsheba, Peni ya rubuta muryoyin maza, bayin fada suna raɗa a tsakaninsu suna tsoron gaya wa sarki yaro ya cika. Maza talatin ya rubuta wa. Huɗu suka rage, ɗaya daga ciki kuma an hana shi fitar da sauti.

Peni ya same ni a gona ina haƙar gwaza. Ya yi gaisuwa mai tsawo, irin wadda bai taɓa yi mini ba, har da tambayar mutanen Ha'apai. Na bar shi ya gama.

Na ce, "Sautin fa? In fito da shi, ko in bar wa sauran?"

Ya ce in fito da shi. Sannan ya waiga hagu da dama, ya zaro wata 'yar rakoda daga jaka, irin mai cin kaset, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ba mai irinta a garin. Ya ce in cusa ta a cikin tabarmar ƙuguna, in danna jan maɓalli da zarar ya fita. Ya san ha'inci ne, ya ce, amma shi kaɗai zai ji, a ɗaki, ƙofa a rufe. "Don Allah Kelepi, a hankali. Raɗa ce. Bayi ne masu tsoro, ba masu kiran kwale-kwale ba."

Na ce masa shekarata goma sha tara a wannan aiki, ba yau zan koyi raɗa ba.

Ranar biki coci ya cika har tagogi. Hayaƙin ramukan gasa nama ya rufe gari, an jera aladu da doya a rumfa suna jiran mu gama. Mutanen tsallake suka zo da fararen kayansu, suka zauna a gaba da fuskar masu neman kuskure. Dauda ya ci birni, aka shigo da akwatin alkawari, komai ya tafi daidai. Sai Peni ya ajiye sanda, ya rusuna, ya juya ya bi tsakiyar coci. Maza ashirin da shida suka sauko daga layi suka bi bayansa, kawuna a ƙasa, ga wasu suna tasowa daga cikin jama'a suna shiga sahu. Daga baya muka ji cewa baƙin sun ɗauka tafiyar bauta zuwa Babila ce muka nuna, har shugaban mawaƙansu ya ce bai taɓa ganin dabara mai ratsa jiki irin wannan ba.

Na danna maɓalli. Lisiate ya jira har aka ɗaga masa kyalle daga bakin hanya, alamar sun isa gada, sannan ya ɗaga sanda.

Layi takwas na wanka suka wuce kowa yana nazarin rufin coci. Sannan makokin ya fara. Ban iya kwatanta waƙa ba. Lesieli ba ta ɗaga murya ba, ba ta motsa hannu ba, ta tsaya ne kawai tana gaya wa jaririn abubuwan da ta tanadar masa. Mu kuma muka shigo da raɗarmu. Lisiate ya saurara, ya ji mutum huɗu a gurbin talatin, sai ya shiga yafito mu da hannun hagu, a ƙara, a ƙara. Malamin makaranta muryarsa ba ta da kauri, surukan nan biyu tsoro ya kama su. Ni kuwa wata uku ke nan ina tara sauti a ciki. Zan iya cewa umarnin Lisiate na bi, kuma ba ƙarya ba ne. Amma gaskiyar ita ce daɗi na ji. Ga coci cike, ga baƙi, ga wanda ya ce in yi shiru yana can yana kallon kifi. Na buɗe ƙirji na sake ta, har matata ta juyo daga layin mata tana zare mini ido.

Wajen ƙarshe akwai inda uwar take son ta kira yaron sai ta tuna ba a kai ga sa masa suna ba. A gwaji Lesieli takan bi wurin da sauri, kamar mai tsallake kwata. Ranar nan ta tsaya a kansa. Na buɗe baki, ba abin da ya fito, ga hawaye har cikin gashin bakina. Da na farfaɗo kunya ta kama ni, na dawo da ƙarfin da ya fi na farko don in rufe abin da ya faru.

Aka aika aka kira maza, Sulemanu ya gina haikali, Nebukadnezzar ya ƙone shi, Nehemiya ya ta da ganuwa, aka fita cin abinci. A rumfa kowa ya zo yana riƙe hannun Peni yana gaya masa abin da ya rasa. Gwaggo ta aiko aka karɓar mata takardun kashi na uku, na ɗigo da na lamba, ta ce ta gani tana so. Lisiate ya goge allo da jiƙaƙƙen tsumma. Lesieli ta wuce ta gaban wanta ɗauke da kwandon doya, ta ɗan rusuna yadda ya kamata.

Washegari da hantsi na kai masa rakodar. Na so in ajiye in tafi, ya ce in zauna. Ya rufe ƙofa da taga, ya wuce wurin wankan da sauri yana kau da kai, sannan ya danna.

Ni ne. Tun daga farko ni ne. Rakodar tana ɗaure a cikina, taku ɗaya daga bakina, ita kuma Lesieli tana can ɗaya gefen. Abin da ke fitowa wani ruri ne mai sa kwanon shayi rawa a kan tebur, ga shi kuma, yanzu da na ji da kunnena, rabin mataki ƙasa da inda ya kamata. Can a bayansa, in ka kasa kunne sosai, akwai wani siririn abu kamar sauro a ɗakin maƙwabci. Shekara goma sha tara ba wanda ya gaya mini, kuma mutumin da ya gaya mini ga abin da na saka masa da shi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Peni bai zage ni ba, kuma da ya zaga da na fi jin sauƙi. Ya manna kunnensa a jikin rakodar, ya rufe ido, ya bar ta tana tafiya minti bayan minti. Na fara ba shi haƙuri, bai ma san ina yi ba.

Sai rurin ya yanke. Lesieli ta fito ita kaɗai, tar, tana neman sunan da babu. Daga baya na ƙirga, sakan goma sha ɗaya ne. Sannan na dawo na rufe ta.

Ya mayar da kaset baya, ya sake ji. Ya sake mayarwa. A karo na huɗu ya tsayar, ya tambaye ni me ya same ni a wurin. Na ce tari ne, hayaƙin gashi ya shiga mini maƙogwaro.

"Ba tari ba ne. Ga shi nan ana jin kana jan hanci." Ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Har kai, Kelepi?"

Na ce har ni. Har Gwaggo, har mutanen tsallake.

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce in ja masa ƙofar in na fita. Ina bakin hanya ina jin ƙarar maɓallin, yana mayarwa baya.